Tankar Musolini da Yaƙin da Muka Manta

A Moriki, in aka ce tsohon soja sai a ce ɗan Bama, kamar dai Bama kaɗai mutanenmu suka yi yaƙi. Amma kakana ya sha gaya mini cewa mahaifinsa ya riga zuwa yaƙin Habasha. A Ƙaura Namoda ya shiga jirgin ƙasa, inda layin dogo ya tsaya tun 1929, kuma da ya komo yakan ba da labarin motocin ƙarfe na Italiyawa da ya gani a yashe a bakin hanya. Wannan labari shi ya sa na bi diddigin ɗaya daga cikin tankokin Italiya na zamanin, watau M11/39.

Sunan kansa bayani ne. Harafin M yana nufin matsakaiciya, 11 nauyinta ne na tan 11, shi kuwa 39 shekarar 1939 ce da aka karɓe ta cikin soja. Kamfanin Ansaldo na birnin Janowa ya ƙera gangar jikinta, Fiat kuma ya ba da inji mai shan man gas. Maƙeran sun yi koyi da wata tankar Ingila ta kamfanin Vickers. Mutum 3 ke shiga cikinta: kwamanda da direba da mai harbi, kuma takan yi gudun kamar kilomita 32 a awa bisa hanya mai kyau. Duka duka guda 100 aka ƙera.

To, a nan ne maganar take. Babbar igwarta, mai bakin milimita 37, ba a ɗora ta bisa ɗakin sama mai juyawa ba, sai aka dasa ta a ƙirjin motar. A saman an sa bindigogi masu jigida guda 2 kawai. Saboda haka igwar ba ta karkata hagu ko dama sai kaɗan; in abokin gaba ya ɓullo ta gefe, tilas direba ya juya motar gaba ɗaya. Ku kwatanta ɗan lifidi da aka ɗaure masa mashi a gaban sirdi, ba ya suka sai ya juya doki. Sulkenta kuma, inda ya fi kauri, milimita 30 ne, falle-fallen ƙarfe da aka haɗa da ƙusoshi. In harsashi ya dake shi, ƙusoshin sukan tsinke su yi ta yawo a ciki suna jikkata mutanen motar. Ga shi ba oba-oba da kwamanda zai yi magana da 'yan'uwansa.

Me ya kawo haka? Musolini ya ci Habasha a 1936 da jiragen sama da iskar guba da 'yan ƙananan tankoki, a kan mutanen da ba su da makamin fasa sulke. Wannan nasara ta ruɗe shi. Bakinsa ya fi ƙarfin masana'antun ƙasarsa, ga ƙarancin ƙarfe da kwal. Da ya shiga Yaƙin Duniya na Biyu a watan Yuni 1940, sai aka aika da kimanin 70 na tankokin nan Libiya, 24 kuma Gabashin Afirka. A watan Agusta sun taimaka wajen ƙwace Somaliyar Ingila, inda ba tankar da ta tare su.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da asubahin 9 ga Disamba 1940, a sansanin Nibewa cikin hamadar Masar, tankokin Ingila masu suna Matilda, waɗanda kaurin sulkensu ya kai milimita 78, suka auka wa Italiyawa. Kafin rana ta ɗaga an lalata M11/39 fiye da 20, aka kashe Janar Maletti. Haka aka sake yi a Agordat ta Eritiriya a ƙarshen Janairu 1941. Italiya ta riga ta fito da M13/40, wadda aka mai da igwarta sama, amma ita ma an yi asarar ta da yawa a Beda Fom cikin Fabrairu.

A daidai lokacin nan ne rundunar Nijeriya ta 23, wadda Hausa ce harshen umurninta, ta taso daga Kenya. Ta shiga Mogadishu ran 25 ga Fabrairu 1941, ta nausa arewa ta Jijiga da mashigin Marda, ta isa Harar a ƙarshen Maris, tafiyar fiye da mil 1,000 cikin wata guda. Ran 6 ga Afrilu aka karɓe Adis Ababa.

Abin da ya dame ni, ya 'yan'uwa, shi ne wannan: tankar da ba ta yi abin kirki ba, an rubuta tarihinta har adadin ƙusoshinta ya kusa shiga littafi, amma talakawan Moriki da Zurmi da Shinkafi da suka kori masu ita, ko sunayensu ba mu tara ba. Su sun riga mu gidan gaskiya, sai 'ya'yansu, su ma tsufa ya cim musu. Ina roƙon ƙungiyarmu, in an tafi hutu, kowa ya zauna da dattawan garinsu da biro da takarda. Allah ya ji ƙan magabata, amin.