Yadda Mabuɗin Dukiya Ya Koma Cikin Waya a Ƙaura, Shinkafi da Zurmi

Tun kafin layin dogo ya iso Ƙaura Namoda a shekarar 1929, ya mai da garin zangon ƙarshe na jirgin da ke tasowa daga Zariya ta Gusau, mu'amalar mutanen wannan nahiya, daga kasuwar Shinkafi har zuwa Zurmi ta Alibawa, bisa sanayya da shaidu ta ginu. Domin kuwa falke ba ya sauke kaya sai wurin mai masaukin da ya san asalinsa, dillali ba ya ƙulla ciniki sai ido na ganin ido, wanda kuma ya ci amana, sunansa kan riga shi isa kasuwa ta gaba. Jirgi ya kawo awon gyaɗa da auduga, amma bai girgiza wannan asasi ba. Ɓarawon wancan zamani sai ya haura katanga, ko ya tare hanya.

Al'amari ya soma sauyawa a 2001, sa'ad da wayar salula ta shigo Nijeriya. A 2011 aka wajabta rajistar layuka, a 2014 Babban Banki ya fito da lambar BVN, a ƙarshen 2020 kuma aka umarci kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa. Dukkan waɗannan don tsaro aka yi su, kuma fa'idarsu ba ta ɓuya ba. Sai dai sakamakonsu shi ne ɗan ƙaramin katin nan na cikin waya ya zama shi ne mutum a wurin banki, har ya kasance duk wanda ya riƙe shi, ya kuma san lambobin sirri huɗu, ya riƙe taskar mai shi. Mazambata suka fahimci haka tun kafin jama'a su fahimta. Sai a bugo wa dattijo waya da Hausa tsantsa, cikin ladabi, a ce, "Ranka ya daɗe, daga banki ne, za a rufe asusunka, karanto mana lambobin da suka shigo yanzu," shi kuwa, da yake ya saba da duniyar da mai ladabi ba ya ƙarya, sai ya karanta.

Abin da ya sa wannan musiba ta fi nauyi a arewacin Zamfara shi ne, larura ce ta tura mutane cikin harkar, ba sha'awa ba. Da 'yan bindiga suka addabi hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi, ɗaukar tsabar kuɗi ya zama sayar da rai, ga rassan banki ƙalilan, sai masu POS suka zama bankin talaka. Ranar 3 ga Satumban 2021, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, aka katse layukan sadarwa a jihar baki ɗaya, bayan an riga an rufe kasuwannin mako. A makonnin nan ne kowa ya ga iyakar dogaronsa da waya, har mutane suka riƙa niƙar gari zuwa maƙwabtan jihohi don su gaisa da dangi ko su karɓi aike. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya ƙarasa abin da ya rage: mahauci da mai hatsi da mai shayi duk suka koma karɓar tiransifa, saƙon shigar kuɗi na bogi ya biyo su. Ga kuma rashin wuta, wanda ke sa mutum ya bar wayarsa yini guda a shagon caji, da layinsa a ciki. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ma ta yi gargaɗi a 2022 game da satar bayanai ta wuraren cajin jama'a.

Yanzu kuma fitinar ta ƙetare zaure. Masu hali sun soma kafa kyamarorin tsaro masu aiki da hasken rana, waɗanda maigida ke kallon tsakar gidansa da su ta waya ko yana Kano, tare da na'urorin rarraba intanet. Da dama cikin irin waɗannan kaya daga masana'anta suke zuwa da kalmar sirri guda wadda dubbai ke tarayya a kanta, kuma ta wannan kafa ce muguwar manhajar Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori a 2016, ta durƙusar da manyan shafuka a Amurka. Can asarar ta ciniki ce. A ƙasar da masu garkuwa da mutane ke biyan 'yan leƙen asiri don su san wa ya kwana a gida, idon da baƙo zai iya buɗewa daga nesa hatsari ne ga rai, kuma keta hurumin iyali ne wanda shari'a ta haramta tun da ta hana tajassusi, ta wajabta neman izini kafin shiga gida.

An yi dokar laifuffukan intanet a 2015, aka yi ta kare bayanan jama'a a 2023, amma hukunci bayan ɓarna yake zuwa. Abin da ke hannun maigida kaɗan ne, mai sauƙi kuma: ya kulle layinsa da lambar sirri, kada ya karanta wa kowa lambar da banki ya turo, ya sabunta manhajar na'urarsa, ya kuma sake kalmar sirrin kyamara da hannunsa ranar da aka kafa ta, domin ma'aikacin da ya hau tsani ya ɗaura ta yakan tafi da kalmar a cikin wayarsa.