Koto, Ƙugiya da Kifin Rijiya: Abin da Dam Ya Yi wa Su a Ƙasar Kano

Hanyar Zariya, wadda ta bi ta Gyaɗi-Gyaɗi ta wuce ta gaban tashar Unguwa Uku, hanyar kifi ce, ko da yake ba kowa ne ya san ta da wannan suna ba. In mutum ya miƙe ta kudu zai haye gadar Tamburawa, ya wuce Kura, sa'an nan ya ratse zuwa Bagauda da Tiga, tafiyar wajen kilomita 70 daga birni. Ta wannan hanya ce kifin dam yake shigowa. Masu suyar kifi na bakin titi sun san cewa da zarar hunturu ya kankama sai ɗanyar karfasa ta yi wuya, ta yi tsada. Abin da ba kasafai ake tunawa ba shi ne, samun ɗanyen kifi a Kano kowane wata na shekara sabon abu ne. Kafin shekarar 1970 su sana'a ce mai lokacinta, kamar noma.

Su kansa ya girmi duk wani tarihi da muke da shi a rubuce. A 1987 wani makiyayi yana haƙar rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani kwale-kwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda masana suka ƙiyasta ya kai shekara 8,000. Yana cikin jiragen ruwa mafiya tsufa da aka taɓa tonowa a duniya. Wurin kuwa yana cikin kwarin da ruwan Kano yake gangarawa a kan hanyarsa ta zuwa Tafkin Cadi. Kogin Kano da na Calawa su ne suke haɗuwa su wuce ta Wudil, su zama kogin Haɗeja, su bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru.

To, amma kogunan nan na damina ne. A da, in ruwan sama ya ɗauke sai su ja baya kaɗan-kaɗan, har ya zamana da rani ba abin da ya rage sai rairayi da gurabe nan da can. Kifi ya san wannan. Da farkon ambaliya yakan bi ruwa ya shiga fadama, ya yi ƙwai cikin ciyawa, 'ya'yansa su ƙoshi, in ruwa ya soma janyewa ya nemi komowa. Masunta suka gina sana'arsu a kan wannan kai da komo. Lokacin janyewar ruwa ake datse mashigai da gura, da rani kuma Sarkin Ruwa ya buɗe gurbin da ya hana taɓawa, gari ya fito da homa da gora a yi su na gayya. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka mayar na shekara-shekara tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, babban samfurin wannan tsohuwar al'ada ce, shi ya sa ake yin sa wajen Fabrairu ko Maris, sa'ad da ruwan Matan Fada ya ja. Gaiwa kuwa ba ta gudu ko'ina. Takan nutse cikin laka ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta kwana har damina, sai dai a haƙo ta da fartanya.

Wajen ƙugiya, hanya biyu muka gada. Akwai fatsa, wadda kowane yaron da ya tashi kusa da kududdufan Tarauni ko Gyaɗi-Gyaɗi ya sani tun kafin a cike yawancinsu a yi gini: sanda, zare, ɗan ɓargon kara a matsayin alama, sai tana ko gara ko fara a bakin ƙugiya. Akwai kuma mamari, watau doguwar igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi jere kusa da juna, ba koto ko ɗaya, a shimfiɗa ta kusa da ƙasan ruwa. Kifin da ya zo giftawa sai ta cafke shi a ciki ko a wutsiya. Mai karatu ya lura, ɗaya tana kama kifi ta hancinsa, ɗayar kuma ta jikinsa. Babu wadda ta dogara ga idonsa.

A nan ne ya kamata mu leƙa wata ƙasa, domin sai an ga na wani ake gane nasa. Turawa suna da wata irin fatsa wadda ba a sa mata koto mai rai. Gashin tsuntsu ake ɗaurawa a jikin ƙugiya da zare, a yi masa siffar ƙwaro. Wani marubucin Rum mai suna Aelian ya ba da labarin mutanen Makidoniya suna yin haka da jan ulu da gashin zakara, wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa, kuma a 1496 aka buga littafi a Ingila mai bayanin irin wannan koto har guda 12. Daga baya a Amurka aka ƙaro wani salo. Maimakon ƙwaro, sai a kwaikwayi ɗan ƙaramin kifi: a samu ƙugiya mai dogon jiki, a naɗe ta da siliki da zare mai ƙyalli, a kwantar da dogayen gashin wuyan zakara a bayanta, a ƙara da gashin ɗawisu da farin gashin wutsiyar barewa, har a yi mata ɗan ɗigo kamar ido. In aka ja ta cikin ruwa ana fizga, gashin yakan lanƙwashe ya buɗe kamar kifin da ya ji ciwo yana neman tsira.

Wadda ta fi shahara a wannan aiki wata mace ce, Carrie Stevens, ta Jihar Maine. A 1924 ta kama wani ƙaton kifi da koton da ta ɗaura da kanta, a gindin wani dam da ke tsakanin tafkunan Rangeley, daga nan sunanta ya bazu. A hannu take ɗaurawa, ba ta amfani da maƙatar da sauran masu sana'ar suke kafa ƙugiya a kai. Kotonta da ake kira Gray Ghost, watau fatalwa mai ruwan toka, har yau ana kwaikwayonsa.

Kifin da aka fi nema da irin wannan koto a can shi ne samon ɗin tafki. Asalin samon kifi ne mai tafiya, a kogi ake ƙyanƙyasarsa, ya tafi teku ya girma, ya komo kogin ya yi ƙwai. Amma bayan narkewar ƙanƙarar da ta rufe arewacin duniya fiye da shekara 10,000 da suka wuce, wasu daga cikinsu suka zauna a tafkuna irin su Sebago, suka daina zuwa teku. Tafkin ya zama tekunsu, girmansu kuma ya ragu. Da Bahaushe zai raɗa masa suna, ai da kifin rijiya zai ce. Shi wannan kifi ɗan sanyi ne. Da bazara yakan gudu can ƙasan tafki, da hunturu kuwa ya taso sama ya matso gaɓa yana farautar ƙananan kifaye. Saboda haka a tafkuna masu zurfi da ba su cika daskarewa ba, irin su Seneca da Cayuga na Jihar New York, akan ga masu fatsa tsaye a bakin ruwa cikin tsananin sanyi suna jifa.

Me ya hana kakanninmu yin koton gashi, alhali ga zakaru ga zabi a kowane gida? Ni dai ban yarda da masu cewa rashin dabara ba ne. Mutanen da suka ce kifi na ganin ka mai jar koma sun san sarai kifi yana da ido. Ruwan ne ya bambanta. Ruwan Maine garau yake, kifi yana hango abin da zai ci daga nesa. Namu na damina ja ne wur saboda laka, na rani kuma kore ne saboda gansakuka. Kifayen da suka fi jin daɗinsa, irin su tarwaɗa da kurungu da ragon ruwa, da gashin bakinsu suke laluben abinci, galibi da dare. Ka ɗaura wa tarwaɗa gashin ɗawisu, ai ka yi kwalliya ga makaho. Hanjin kaza da ya soma wari ya fi mata, har ma gutsuren sabulu wasu ke sa mata. Inda ruwa ya yi garau kuma akwai kifi mai farauta da ido, koton gashi yana ci a Afirka ma. A kogin Faro na Kamaru, wanda yake zuba cikin Binuwai, baƙi suna zuwa da rani su kama tsage da giwan ruwa da shi.

Sauyin ya zo ne a zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Aka fara da ƙaramin dam na Bagauda, sa'an nan aka gina na Tiga a kan kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da farin nan na 1973 ya addabi ƙasar. An yi shi ne don ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2, domin noman rani na Kadawa da ruwan sha na birni. A 1992 aka gama na Calawa a ƙasar Ƙaraye. Ba don kifi aka yi ko ɗaya ba, amma kifi ne ya fara jin abin a jikinsa. Wanda ginin ya rutsa da shi a sama ya zama ɗan tafki, kamar samon ɗin Sebago, sai dai shi ba ƙanƙara ce ta tsare shi ba, katangar ƙasa ce. Karfasa, wadda ba ta bukatar ambaliya kafin ta hayayyafa, ita ta fi cin riba.

Homa da gora ba su da aiki a ruwan da ba ya ƙafewa, zurfinsa kuma ya fi ƙarfin mai iyo. Sai kwale-kwale da kalli na zaren roba da birgi suka karɓe wurin, masunta daga wasu ƙasashe, har da Kabawa, suka zo suka kafa zango a bakin tafkin. Ikon da Sarkin Ruwa yake da shi na rufe gurbi ya buɗe shi ya raunana, domin ruwan yanzu na hukuma ne. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: idon raga ya yi ta ƙanƙancewa, har aka kai ga masu jan gidan sauro cikin ruwa suna kwashe 'ya'yan da ba su kai tsawon yatsa ba.

Hunturun da a da yake cikin lokutan da su ya fi albarka, saboda ruwa yana janyewa kifi yana taruwa, a dam ya zama lokacin ƙarancinsa. Kifi ba ya ɗumama jikinsa da kansa, zafin ruwa shi ne zafinsa. Karfasa 'yar ɗumi ce, in ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20 cinta yakan ragu, in ya ƙara sauka ta kusa daina ci, ta lafe a ƙasa. A Disamba da Janairu daren Kano yakan sauka kusa da digiri 12, ga iska mai tayar da igiyar ruwa a kan ɗan kwale-kwale. Sanyin da yake fito da samon bakin gaɓa, shi ne yake korar karfasa daga raga.

Waɗanda suka biya kuɗin wannan ɗanyen kifi namu su ne mutanen gangare. Tun da aka datse kogunan biyu, ambaliyar da take cika fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu ƙwarai, kuma ruwan da ake saki daga dam duk shekara ya hana magudanai bushewa da rani. Wannan ya ba ciyawar kacala dama ta toshe su, ta cinye gurabe da gonakin shinkafa. Masunta da yawa na wannan yanki suka koma wasu sana'o'i, wasu suka bi ruwa zuwa Tafkin Cadi. A 1991 aka cire Jigawa daga Kano, sai ya zamana dam ɗin yana wata jiha, fadamar tana wata. A tiren mai suya na Unguwa Uku kuma, karfasar Tiga yanzu tana zaune ne tsakanin tarwaɗar kiwo, wadda aka raina cikin tankin siminti a bayan gida, da kifin ƙanƙara da aka sauke a Legas.