Rashin haihuwa da ɓari a kai a kai

A likitance, ana cewa ma'aurata na fama da rashin haihuwa idan sun shafe wata 12 ko fiye suna saduwa a kai a kai, ba tare da amfani da wata hanyar hana ɗaukar ciki ba, amma ciki bai shiga ba. Wannan ita ce ma'anar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar. Idan matar ta kai shekara 35, likitoci kan fara bincike bayan wata 6, saboda ƙwayayen haihuwarta na raguwa da shekaru.

Matsalar iri biyu ce: ta wadda ba ta taɓa samun ciki ba, da ta wadda ta taɓa samu sannan abin ya tsaya. Dalilin na iya kasancewa daga mijin, ko matar, ko su biyun, don haka rashin adalci ne a ɗora wa mace laifi kafin a gwada maniyyin miji. Rahoton hukumar na 2023 ya nuna kusan mutum 1 cikin 6 na manya kan fuskanci matsalar a rayuwarsa.

Ɓari a kai a kai kuwa shi ne cikin ya shiga amma ya riƙa zubewa kafin ɗan tayi ya iya rayuwa a waje. Ƙungiyoyin likitocin haihuwa na Amurka da Turai suna ƙirgawa daga ɓari 2, na Birtaniya kuma daga 3. Daga cikin dalilansa akwai tangarɗar ƙwayoyin halittar ɗan tayi, da lahani a siffar mahaifa, da ciwon sukari da ba a kula da shi ba, da cutar daskarewar jini. A kusan rabin matan, bincike ba ya gano dalili.