Daga Madugun Ayari zuwa Uban Gida: Tarihin Jagorancin Kasuwanci a Ƙasar Hausa

Tun kafin kalmar kamfani ta shigo bakin Bahaushe, fatauci yana da tsarin shugabancinsa, kuma inda tsarin ya fi fitowa fili shi ne cikin ayari, wato taron fatake masu tafiya tare da jakuna da takarkarai da ƴan dako domin su tsira daga ƴan fashi, su kuma raba nauyin kuɗin hanya a tsakaninsu. A ƙarni na 19 hanyar da ta fi suna ita ce ta Gwanja, wadda takan tashi daga Kano ko Sakkwato, ta bi ta Jega da Yawuri, ta ƙetare Kwara, ta ratsa ƙasar Bargu har Salaga, inda ake sauke kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, a ɗauko goron ƙasar Tonawa, wato Asante. Zuwa da dawowa sukan cinye watanni masu yawa, ayari ɗaya kuma yakan kai mutum dubu ko fiye.

Shugaban wannan taro shi ne madugu, wanda ake yi wa kirari da uban tafiya, kuma abin lura game da shi shi ne cewa yawancin kayan da ke cikin ayarin ba nasa ba ne, domin kowane falke da jarinsa da yaransa. Aikinsa shi ne ya tsayar da ranar tashi, ya zaɓi hanya da zango, ya yi ciniki da sarakunan ƙasashen da ake ratsawa a kan garama da kuɗin fito, ya kuma raba gardama idan ta tashi. Ba shi kaɗai yake ɗaukar wannan nauyi ba: akwai jagaba, mai shiga gaba yana duba hanya da wurin sauka, akwai uban dawaki, mai tara abin da ya hau kan kowane falke na kuɗin hanya, akwai kuma malamin ayari, mai riƙe rubutu da duba ranar da ta dace da tafiya. Ikon madugu na tafiya guda ne, tunda babu sarkin da ya naɗa shi balle ya tilasta a bi shi, saboda haka wanda ya kai mutane ga asara a bana zai wayi gari baɗi ba mai ɗaura kaya a bayansa. Horon ma a kan hanya ake samunsa, yaro yakan fara da kora jaki, ya koyi harsunan hanya da sunayen mashaya, ya san fatoman kowane gari, wato mai masaukin da ke ajiye kayan baƙo yana nemo masa dillali, kafin a amince masa da jarin wani.

Wannan tsari ya gamu da jarrabawa tun kafin Turawa su ci ƙasar Hausa. A 1874 sojojin Ingila suka ƙone Kumasi, Salaga ta fita daga hannun Asante, goro ya fara komawa kasuwar Kintampo, sannan yaƙin basasa na 1892 ya watsa ƴan kasuwar Salaga zuwa Kete-Krachi da wasu garuruwa. Bayan haka jirgin ruwa ya soma kai goro Ikko, jirgin ƙasa kuma ya fara aiki tsakanin Ikko da Kano a 1912. Ilimin da madugu ya shafe rayuwarsa yana tarawa, na mashaya da mafita da halin sarakunan Bargu, ya rasa mai sayensa cikin ƴan shekaru.

Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin zuriyar Agalawa, ɗaya daga ƙungiyoyin fatake uku da suka riƙe cinikin goro tare da Tokarawa da Kambarin Barebari, shi ne misalin da ya fi bayyana na wanda ya rabu da hanyar amma ya riƙe mutanenta. Yana cikin na farkon da suka aika goro ta teku daga Akara zuwa Ikko, kuma da gyaɗa ta yi daraja a Kano sai ya juya yaransa da abokan hulɗarsa na ƙauyuka suka zama masu awo, yana ba su kuɗi kafin kaka su sayo masa, shi kuma yana kai wa kamfanin Niger Company, daga baya UAC. A 1929, da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, an ruwaito cewa ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi ashirin. Turawa suna da jari da jirgi, amma ba su san wanda za a ba bashi a Bichi ko Ɗambatta ya dawo da shi ba, kuma wannan sani shi ne hajar da Ɗantata ya sayar musu.

A ƙasar Nijar irin wannan juyi ya fi fitowa a Maraɗi, inda alhazan birni suka taso a matsayin masu saya wa kamfanonin Faransa gyaɗa, irin su CFAO da SCOA. Masani Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 a kan alhazan Maraɗi, ya nuna cewa ginshiƙin harkar tasu shi ne dangantakar uban gida da bara: bara yakan yi wa uban gida hidima ba da albashi tsayayye ba, uban gida kuma ya ciyar da shi, ya yi masa aure, in ya ga hankalinsa ya ba shi jari. Abin da ake auna ɗan kasuwa da shi shi ne arzikin mutane, wato yawan waɗanda zai iya aikawa da amana. Da gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA da COPRO-Niger a 1962 domin riƙe fitar da gyaɗa da shigo da kayan masarufi, alhazan sun shiga ƙarƙashinsu a matsayin wakilai, da fari na 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa kuwa sai suka karkata ga hatsi da sufuri da tsallakar da atamfa da taba zuwa Najeriya. Ba duka wannan ciniki ne ya bi ta ƙofar kwastan ba, kuma shi ya sa rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986 da karyewar darajar sefa a Janairun 1994 suka durƙusar da wasu gidaje, suka ɗaga wasu.

Ƙasar Kurfai, wadda Filinge ke tsakiyarta a cikin Dallol Bosso, ta shiga wannan tarihi ta wata ƙofa dabam. Kurfayawa, da ke zaune tsakanin Zabarmawa da Buzaye, manoma ne da makiyaya, amma harajin kuɗi da aikin tilas na zamanin Faransa, wanda ba a soke shi ba sai a 1946, sun tura samarin yammacin Nijar cin rani zuwa Kurmi, musamman Kumasi da Akara. Can ɗin baƙo yakan sauka hannun mai gida ɗan ƙasarsu a zango, wanda zai samo masa dako ko talla, ya ajiye masa kuɗinsa, ya tsaya masa gaban hukuma, kusan yadda fatoma yake yi wa falke a Salaga. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia ta ƙasar Gana a Nuwamban 1969 ta rushe yawancin waɗannan gidaje cikin makonni, mutane da dama suka komo gida ko suka sake sabon zama a Yamai da Lome da Abijan, galibi a bayan mutumin da suka sani tun a zango.

Raunin tsarin yana nan inda ƙarfinsa yake. Lissafi da bashi da sirrin hulɗa duk suna cikin kan mutum guda, barori kuma mutum suke bi, ba gida ba, don haka ranar da uban gida ya rasu aka raba gado bisa shari'a, jari yakan tsattsage, yara su nemi wata inuwar. Gidajen kasuwanci da suka kai jikoki kaɗan ne a Kano da Maraɗi da Damagaram in an kwatanta da yawan attajiran da aka yi. Gidan Ɗantata ya kauce wa wannan ne domin an mayar da harkar kamfani mai rajista, Alhassan Dantata and Sons, an sa ƴaƴa cikin aiki tun mahaifinsu yana raye, wanda ya rasu a 1955. Ɗansa Aminu ya karɓi ragamar kamfanin a 1960, ya kai shi ga gine-gine da man fetur, ya rasu a Yunin 2025 aka binne shi a Madina, Aliko Ɗangote kuwa jikan Sanusi Ɗantata ne, wani ɗan Alhassan, ta wajen uwa.