Faɗakar da ɗalibai kan ƙwaya: me ƴan sanda ke yi a makarantu?

Iyaye da dama a nan Tchirozérine sukan tambaye mu me ya haɗa ɗan sanda da aji. Amsar ita ce rigakafi. A Nijar, hukumar OCRTIS, wadda ke ƙarƙashin rundunar ƴan sanda ta ƙasa, ita ke da alhakin yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, kuma tana da reshe a Agadez. Bayan kame da bincike, jami'ai kan shiga CEG da lise su yi wa yara bayani, musamman dab da 26 ga Yuni, ranar yaƙi da shan ƙwaya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar a 1987. Dokar da suke aiki da ita, wato ta 23 ga Satumba 1999, ta hana sayarwa, ta kuma hana sha.

Jiharmu hanya ce ta masu fatauci zuwa Libiya da Aljeriya. A watan Janairun 2022 an kama kilo 214 na hodar ibilis a jihar Agadez cikin motar magajin garin Fachi. Amma ba hodar ibilis ce ke shiga aljihun ɗan makaranta ba, ta fi ƙarfin kuɗinsa. Abin da ke kusa da shi shi ne tramol, da diyazepam, da wiwi, da sholisho.

Tramol ɗin ya kamata a tsaya a kansa. Asalinsa maganin ciwo ne, likita kan rubuta mai miligiram 50 ko 100. Wanda ake sayarwa a ɓoye kuwa yakan kai 200 ko 225. Tun da aka gano zinariya a Djado a 2014, samari da yawa suka tafi haƙa, kuma a irin wannan aikin ne ake cewa ƙwayar na kashe gajiya. Yaro ya ji haka daga bakin yayansa a fada, ana shan shayi, sai ya ɗauka abin ƙarfi ne. Ba a gaya masa farfaɗiyar da take kawowa, ko yadda jiki ke sabawa har ƙwaya ɗaya ta daina isa.

To, shin jawabin ɗan sanda na hana sha? Amurka ta gwada tun 1983 da shirin DARE a birnin Los Angeles. Binciken da aka yi daga baya ya nuna tasirinsa kaɗan ne, har aka sake fasalin darussan a 2009, aka mai da hankali ga koya wa yaro yadda zai ce a'a idan aboki ya miƙo masa. A ganinmu darasin ya shafe mu: zuwa sau ɗaya a shekara da tsoratarwa da gidan kaso ba ya isa. Kuma in an yi bayanin da Faransanci zalla, yaron da ke tunani da Tamajaq ko Hausa zai tafa hannu ne kawai ya fita.

Uwa ko uba da ya ga yaro na yawan barci ko rashinsa, ya daina cin abinci, kuɗi na ɓacewa a gida, ya fara da ma'aikacin lafiya a CSI mafi kusa, a kuma sanar da daraktan makaranta. Mai sayarwa a bakin makaranta shi ne ake kai ƙararsa wurin ƴan sanda ko jandarma.