Colt Walker: Libarbar 1847 da masu tara kayan tarihi ke rububi

Colt Walker libarba ce mai cin harsashi shida, wadda Samuel Colt ya tsara tare da Kyaftin Samuel Walker. An ƙera ta a Amurka a 1847, lokacin yaƙi da Mekziko. Ana ɗura albarushi da dalma ta bakin kowane rami, sannan a ɗora ɗan murfin tagulla a baya, wanda ke tayar da wutar.

Guda 1,100 kacal aka ƙera, kuma da dama sun fashe wajen harbi. Saboda ƙarancinta, an sayar da guda ɗaya a gwanjo kan dala miliyan 1.84 a 2018. Tsadar ta jawo jabu, don haka ƙwararru kan binciki lambobin da ke jikin sassanta da tarihin mallakarta kafin a kulla ciniki.