Tarihin Lasisin Makarantun Gyaran Tarbiyya a Amurka

Har yau babu dokar tarayya a Amurka da ta wajabta karɓar lasisi kafin a buɗe makarantar kwana ta gyaran halin matasa. Kowace jiha ita ke tsara nata, kuma an ɗauki shekaru masu yawa wasu jihohin ba su tsara komai ba. Inda aka yi dokar ma, galibi sai da aka rasa rai.

Tushen sana'ar yana Kalifoniya. A 1958 Charles Dederich ya kafa ƙungiyar Synanon a Santa Monica domin manya masu shaye-shaye. Salonsu shi ne a zaunar da mutum a tsakiya, a yi masa ca da zagi da tonon silili har sai ya karaya. A 1967 Mel Wasserman ya buɗe makarantar CEDU, ya ɗauki wannan salo ya ɗora a kan yara. Provo Canyon School ta biyo baya a jihar Yuta a 1971. Daga nan abin ya yaɗu, musamman a jihohin yamma masu faɗin daji da ƙarancin jama'a. Iyayen da suka rasa yadda za su yi da ɗa mai shaye-shaye ko 'ya mai ciwon damuwa su ne ke biya daga aljihunsu, kuma tunda kuɗin ba na gwamnati ba ne, gwamnati ba ta cika leƙawa ba.

Masu makarantun sun san inda gibin yake. Asibitin masu taɓin hankali yana da ƙa'idoji masu tsauri, haka ma gidan renon yaran da ke hannun hukuma. Makaranta mai zaman kanta kuwa sa idon da ake yi mata kaɗan ne. Sai su tallata wa iyaye magani da ƙwararru, idan jami'in lafiya ya zo su ce ai su makaranta ce. Wasu ko gini ba su da shi, daji suke kai yara su yi makonni suna tafiya a ƙasa.

A 1990 'yan mata biyu suka mutu cikin 'yan makonni a hannun kamfanoni biyu na jihar Yuta masu irin wannan tafiyar daji, ɗaya ƙishirwa ta kashe ta, ɗaya zafin rana. Jihar ta kafa wa irin waɗannan kamfanoni sharuɗɗan lasisi. Duk da haka, a 1994 wani yaro ɗan shekara 16 ya mutu a hannun kamfanin North Star Expeditions bayan gyambon cikinsa ya fashe. Ya yi kwanaki yana kukan ciwo, ma'aikata suna cewa ƙarya yake yi.

Maganar ba ta isa Washinton da ƙarfi ba sai a Oktoban 2007, lokacin da ɗan majalisa George Miller ya kira zaman jin bahasi, ofishin bincike na majalisa, GAO, ya gabatar da rahotonsa. Ofishin ya ce a 2005 kaɗai jihohi 33 sun ba da rahoton ma'aikata 1,619 da ke da hannu a cin zarafi a irin waɗannan wurare. Ya bi diddigin mutuwar yara goma tsakanin 1990 da 2004, ya tarar da abu ɗaya yana ta maimaituwa: ma'aikata marasa horo da ke ɗaukar ciwo a matsayin taurin kai. Ya kuma nuna yadda wanda aka rufe wa wuri a wata jiha kan tsallaka wata ya buɗe da sabon suna. Majalisar wakilai ta zartar da ƙudurin Miller a 2008, ta sake zartarwa a 2009. Duka biyun a majalisar dattawa suka mace.

Labarin Montana ya fi kowanne koyar da darasi, don a can an yi lasisin, amma aka ba kura ajiyar nama. A 2005 jihar ta kafa hukumar ba da lasisi mai mutum biyar, uku daga cikinsu masu sana'ar ne da kansu. An kuma ajiye hukumar a ƙarƙashin ma'aikatar ƙwadago da masana'antu, wadda ba ta da ruwa da lafiyar yara. Haka aka tafi sama da shekara goma, ƙorafi na shiga, hukunci ba ya fita. A farkon 2019 jaridar Missoulian ta fallasa lamarin, majalisar jihar ta rushe hukumar ta miƙa aikin ga ma'aikatar lafiya. Cikin watan Yulin da ma'aikatar ta karɓi aiki, jami'anta suka kwashe yara 27 daga wani wuri mai suna Ranch for Kids. Wurin yana da lasisi tun da can, mai dubawa ne kawai ya canza.

Wani gibin kuma na addini ne. Tun 1982 dokar jihar Mizuri ta ɗauke wa gidajen yara na majami'u buƙatar lasisi, har jihar ta zama mafaka ga waɗanda aka takura wa a wasu wurare. Mai karatu da bai manta samamen da 'yan sanda suka kai gidan mari na Rigasa a Kaduna a Satumban 2019 ba, zai gane irin nauyin da hukuma ke ji idan an sa rigar addini a gaba. Bayan an rufe ɗaya daga cikin gidajen nan na Mizuri mai suna Circle of Hope a 2020, Mizuri ta yi doka a 2021 da ta tilasta wa irin waɗannan gidaje sanar da jiha cewa suna nan, da tantance ma'aikatansu. Lasisin kansa ba a wajabta musu ba.

Yuta, wadda ake kai wa yara daga ko'ina a ƙasar, ta sake motsawa ne bayan Paris Hilton ta fito a 2020 ta faɗi abin da ta ce an yi mata a Provo Canyon tana 'yar shekara 17. Akwai ɗaci a ce sai da shahararriya ta yi magana aka saurari abin da iyayen mamata suka shekara talatin suna faɗa. A Maris ɗin 2021 Gwamna Spencer Cox ya sa hannu a kan dokar da Sanata Mike McKell ya kawo. Ta ƙara yawan ziyarar masu dubawa har da ta ba-zata, ta wajabta kai rahoto duk lokacin da aka danne yaro ko aka kulle shi shi kaɗai, ta taƙaita yi wa yara allurar barci don a kwantar da su, ta kuma ba su damar magana da iyayensu kowane mako.

A Disamban 2024 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a kan dokar tarayya game da cin zarafin yara a irin waɗannan cibiyoyi, shekara 17 bayan zaman Miller. Abin da ta tanada shi ne nazari da tattara bayanai da ba da shawarwari. Ikon ba da lasisi da ƙwace shi yana nan a hannun jihohi.